MAKOMAR ƊALIBI: Ina zan samo gogewar aiki kafin digiri na biyu a fannin walwalar jama'a?

  

Cikin saƙonnin da suka taru min akwai guda da na ga ya cancanci a ba shi filin wannan mako sukutum, domin matsalar da ke cikinsa ba ta mutum ɗaya ba ce. Wata ƙanwarmu ce ta aiko shi daga Ƙofar Dawanau a cikin birnin Kano. Ta ce ta yi digirinta na farko a fannin nazarin zamantakewar al'umma, ta kammala hidimar ƙasa bara, inda ta koyar a wata sakandaren 'yan mata. Burinta shi ne ta yi digiri na biyu a aikin walwalar jama'a, wanda 'yan boko ke kira soshiyal wok. Ta duba fom na wata jami'a a Ingila da na neman tallafin karatu, sai ta tarar duka biyun suna tambayar gogewar aiki, ita kuwa ba a taɓa ɗaukarta aiki a ko'ina ba. Mahaifinta ya ba ta shekara guda: ko dai a ga alamar karatun, ko ta nemi koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa a rufe maganar. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarshen saƙon, inda ta ce wani ya yi mata tayin zai haɗa mata takardar shaida daga wata ƙungiya, a rubuta cewa ta yi musu aikin shekara biyu, idan ta ba shi wani abu. Tana tambaya ko ta karɓa.

Ƙanwata, amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a, kuma zan faɗi dalili kafin mu rabu. Amma hana ki kaɗai ba zai warware miki komai ba, don haka bari mu bi maganar daki-daki.

Wane irin aiki ne wannan?

Da yawa daga cikin mutanenmu sun ɗauka aikin walwalar jama'a rabon shinkafa ne da atamfa a watan azumi. Ba haka ba ne. Ma'aikacin walwala shi ne wanda ke tsayawa tsakanin mutumin da rayuwa ta danne da kuma hukumar da ya kamata ta taimake shi. Yaron da aka tsinta a tasha ba a san iyayensa ba, majinyacin da aka sallama daga asibiti amma danginsa sun gudu saboda kuɗin magani, matar da aka saka da 'ya'ya biyar ba ci ba sha, matashin da ya fito daga gidan gyaran hali unguwa ta ƙi karɓarsa, duk waɗannan su ne mutanensa. Aikinsa ya saurara, ya binciki halin da ake ciki a gida, ya rubuta rahoto, ya san dokar da ta shafi lamarin, ya haɗa mutum da inda zai sami mafita, sannan ya bibiya har ya ga abin da ya biyo baya.

Taimakon mabuƙaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da zakka da waƙafi da gayya, muna da mai unguwa da liman da dattawan da ke sasanta ma'aurata a zaure tun kafin zuwan Bature. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da aikin sana'a mai horo da ƙa'ida. A 1889 Jane Addams ta buɗe gidan nan na Hull House a unguwar talakawa da baƙin haure ta birnin Chicago a Amurka, aikin da ya kai ta ga samun lambar yabo ta Nobel a 1931. A 1895 wani asibiti a Landan ya ɗauki mace ta farko da aikinta shi ne duba halin rayuwar majinyata, ba cutarsu kaɗai ba. A Najeriya kuwa aikin ya soma tsayuwa a hukumance ne a Legas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda yawaitar yaran da ke gararamba a titi, har aka yi dokar yara da matasa ta 1943. Ƙungiyar ma'aikatan walwala ta ƙasa ta kafu a 1975. A watan Disamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa kula da wannan sana'a, wato dai ana tafiya zuwa lokacin da ba kowa ne zai wayi gari ya kira kansa ma'aikacin walwala ba.

Me ya sa suke nacewa a kan gogewa?

Dalili na farko shi ne karatun kansa rabinsa a fili ake yi. A Amurka, hukumar da ke tantance makarantun wannan fanni ta wajabta wa ɗalibin digiri na biyu aƙalla awa 900 na aikin koyo a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. A Ingila kwana 200 ne, mafi yawansu a wurin aiki na gaske. Jami'ar da za ta tura ki gidan mutane da sunanta tana son ta san cewa ba ranar ce za ki fara ganin hawayen baƙo ba.

Dalili na biyu shi ne aikin yana da nauyi a zuciya. Akwai wanda yake da tausayi sosai, amma da ya shiga ɗakin da aka kwantar da yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba zai ƙara yin barci ba har mako guda. Wannan ba aibu ba ne, halitta ce. Sai dai gara mutum ya gane haka a wata uku na aikin sa-kai da ya gane bayan ya kashe shekara biyu da dukiyar iyayensa.

Dalili na uku, masu tantancewa suna son su ga ko mutum ya iya tunani a kan abin da ya gani. Ba yawan wuraren da kika shiga ne ke burge su ba. Abin da suke nema shi ne ki iya cewa: ga abin da na tarar, ga abin da na yi, ga inda na yi kuskure, ga abin da zan sauya in da yau ne.

Gida da waje ba ɗaya ba ne

A nan Najeriya akwai sassan koyar da aikin walwalar jama'a a jami'o'in Nsukka da Ibadan da Benin da Ilorin da Legas da Kalaba. A Jami'ar Bayero kuma sashen nazarin zamantakewa yana da kwasa-kwasan gaba da digiri da suka shafi wannan ɓangare. Abin da jami'o'inmu suka fi dubawa shi ne takardu: kiredit biyar na sakandare, digiri mai daraja ta biyu, takardar kammala hidimar ƙasa, cikakken sakamakon jarrabawa daga jami'ar da aka gama, da wasiƙun mutanen da za su tsaya wa ɗalibi. Mai babbar difloma ko digiri mai daraja ta uku yakan fara da diflomar gaba da digiri. To amma ko a gida gogewa tana amfani, musamman a kwasa-kwasan da aka tsara don ma'aikata, da lokacin ganawa, da lokacin zaɓen abin da za a yi bincike a kai. Kowace shekara a karanta tallar jami'a da kyau, domin sharuɗɗa sukan sauya.

A waje ne gogewa ta zama ƙofar shiga. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa yana neman gogewar shekara biyu, wadda suka ƙiyasta da awa 2,800, kuma ya wajabta wa wanda ya samu ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan ya gama. Ga wani abu da ɗalibai da yawa ba su lura da shi: wannan tallafi na kwas ɗin da bai wuce wata 12 ba ne, alhali digiri na biyun da ke ba mutum lasisin aikin walwala a Ingila yawanci shekara biyu ne. Saboda haka mai neman Chevening sai ya karkata ga kwasa-kwasan shekara guda masu kusanci da fannin, kamar tsare-tsaren walwalar jama'a ko kare haƙƙin yara. Ki tantance wannan tun yanzu, kada ki yi ta gudu a hanyar da ba ta ɓullewa inda kike so.

Ki fara lissafa abin da ke hannunki

Kin ce ba ki taɓa yin aiki ba, amma a cikin saƙon naki kin ce kin koyar a sakandaren 'yan mata shekara guda. Wannan aiki ne. A ce kin yi awa 30 a mako na tsawon mako 40, kin ga awa 1,200 ke nan. Ki zauna ki tuna: yarinya nawa ta zo miki da matsalar da ba ta darasi ba? Kin taɓa zuwa gidan wata ɗaliba da ta daina zuwa makaranta? Kin taɓa shiga tsakanin ɗaliba da shugabar makaranta? Idan akwai, ki rubuta su tun ba ki manta ba, sannan ki koma makarantar ki nemi shugabar ta ba ki wasiƙar da ta fayyace abin da kika yi, ba takardar sallama kawai ba.

Haka nan duk wanda ya yi aikin rigakafin shan-inna gida-gida, ko ya koyar a Islamiyya ta dare, ko ya yi aikin agaji a filin Idi da sansanin alhazai, ko ya riƙe littafin ƙungiyar tallafa wa marayu ta unguwa, yana da abin faɗa. Matsalarmu ita ce muna yin aikin don Allah mu wuce, ba mu ajiye shaida. Neman lada da ajiye shaida kuwa ba sa karo da juna.

Daga ƙofar gidanku za ki fara

Ƙanwata, Allah Ya ajiye ki a wurin da ba sai kin yi nisa ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana kusa da ku ta wajen Ƙofar Ruwa. Duk wanda ya taɓa jinya a can ya san karaya ba ƙafa kaɗai take karyawa ba. Direban da ya kwanta wata uku, wa ke ciyar da iyalinsa? Yaron da aka yanke wa ƙafa, yaya zai koma makaranta? Manyan asibitoci irin wannan da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da ofishin walwalar majinyata, kuma a nan ne za ki ga yadda ake tantance wanda ba shi da hali, da yadda ake neman dangin majinyacin da aka yasar.

Idan kika miƙe hanyar da ƙofar taku ta ɗauko sunanta, za ki isa Dawanau, inda asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa yake. Mu Kanawa mun mayar da sunan garin abin tsokana, da an ga wani ya yi abin da ba a gane ba sai a ce a kai shi Dawanau. Wannan tsokana ita kanta tana cikin abin da ma'aikacin walwala ke yaƙa, domin ita ce ke sa iyali su ɓoye mara lafiya a ɗaki har ciwo ya yi tsanani, kuma ita ce ke sa wanda ya warke ya rasa aiki da aure. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Ɓangare ne da ke buƙatar mutane. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba sai na gaya wa ɗan Kano yadda wannan annoba ta shiga gidaje ba.

A cikin ganuwa kuma akwai gidan tsare yara masu laifi na Goron Dutse, da gidan gajiyayyu na Shahuci. A Asibitin Murtala akwai sashen masu yoyon fitsari da cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu. A wajen gari akwai Gidan Marayu na Nasarawa, da makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki. Gidajen yara na gwamnati suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha, don haka can ake kai takardar neman izini, ba wurin mai gadi ba. Akwai Hukumar Hisba, wadda ofisoshinta ke cika da shari'o'in aure da na yaran da suka ɓata, da Hukumar Zakka da Hubusi. Akwai ƙungiyoyi irin su Red Cross da FOMWAN, wadda mata Musulmi suka kafa a 1985, da rundunonin agaji na ƙungiyoyin addini. Kada kuma ki raina sashen walwala na sakatariyar ƙaramar hukumarku. Ofis ne da ba a cika kula shi ba, amma ƙananan matsalolin unguwa can suke fara sauka.

Yadda ake shiga

Kada ki je hannu rabbana ki ce kin zo taimako. Ki rubuta wasiƙa shafi guda zuwa ga shugaban wurin. Ki faɗi ko ke wace ce, abin da kika karanta, ranakun da za ki iya zuwa, da tsawon lokacin da za ki ɗauka, misali Litinin da Laraba na wata shida. Ki fito fili ki ce ba albashi kike nema ba, koyo kike so, kuma kina roƙon a haɗa ki da ma'aikaci guda da zai riƙa duba aikinki. Ki haɗa da kwafin takardunki da wasiƙar gabatarwa daga wani malaminki na jami'a. Wasiƙar mai unguwa ma tana da nauyi a irin waɗannan wurare. Ki kai da kanki, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, ki koma bayan mako biyu. In an ce babu gurbi, ki yi godiya ki gwada wani wurin. Ki kai wurare uku a lokaci guda, domin ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Idan an karɓe ki, kada ki yi tsammanin ranar farko za a miƙa miki matsalar wani. Za a fara sa ki jera fayil, ki rubuta sunaye, ki raka majinyaci ɗakin karɓar magani. Ki yi da zuciya ɗaya. A cikin fayil ɗin nan za ki koyi yadda ake rubuta rahoto, a bakin layin nan za ki ji abin da ba a faɗa wa likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Wuri guda na wata shida ya fi wurare shida na mako bibbiyu. Wanda ya daɗe shi ke ganin ƙarshen labari, kuma shi ne shugaba zai iya rubuta wa wasiƙa mai ma'ana.

Littafin da zai cece ki

Ki sayi littafin rubutu mai kauri tun ranar farko. Kowace rana ki rubuta kwanan wata, lokacin da kika shiga da wanda kika fita, aikin da kika yi, da abu guda da kika koya. A ƙarshen kowane wata mai kula da ke ya sa hannu. Lissafin mai sauƙi ne: kwana biyu a mako, awa biyar-biyar, awa 10 ke nan, a mako 50 kin tara awa 500. Idan kika yi kwana huɗu, kin sami 1,000. Ki haɗa da na hidimar ƙasa ki ga inda kika tsaya. Wataƙila shekara guda ba za ta kai ki 2,800 ba, amma za ta ba ki abin da za ki shiga jami'ar gida da shi da ƙarfinki, ki ci gaba da tarawa.

Sharaɗi guda: kada sunan kowa ya shiga littafin nan. Ki rubuta "wata uwa mai 'ya'ya huɗu", ba sunanta da unguwarsu ba. Littafi yakan ɓata, ƙanne sukan buɗe.

Ki kuma ware lokaci ki karanta dokokin da aikin ke tafiya a kansu: dokar haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003, dokar kare yara ta Jihar Kano da aka sa wa hannu a 2023, da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a farkon 2019. Ɗalibar da ta iya haɗa abin da ta gani a fili da abin da doka ta ce ta riga ta yi wa sa'o'inta nisa.

Abubuwan da za ki kiyaye

Na farko, sirri. Kano babban gari ne amma ƙarami. Matar da kika gani a ofishin sulhu da safe, kina iya haɗuwa da ita a gidan biki da yamma. Abin da kika ji a wurin aiki ya mutu a can, ko Hajiyarku ba ta da haƙƙin ji.

Na biyu, waya. Yanzu an shiga yayin ɗaukar hoto da marayu a watsa a Facebook da TikTok. Yaron nan ba shi da bakin da zai ce miki a'a, kuma hoton zai bi shi har girmansa. Masu tantancewa a jami'o'in waje suna ɗaukar wannan a matsayin rashin sanin ƙa'idar aiki, ba abin yabo ba.

Na uku, ki san iyakarki. Ke mai koyo ce, ba likita ba, ba alƙali ba. Kada ki ce wa kowa ya daina shan magani, kada ki yi alkawarin kuɗi ko aiki, kada ki tafi gidan mutane ke kaɗai ba da sanin ofis ba. Idan yaro ya gaya miki ana cutar da shi, kada ki yi masa alkawarin rufe maganar. Ki kai wa mai kula da ke a ranar.

Na huɗu, ki kula da kanki. Ranar da abin da kika gani ya tsaya miki a rai, ki faɗa wa mai kula da ke. Waɗanda suka daɗe a aikin nan duk sun bi ta wannan hanya.

Maganar Baba da kuɗin mota

Na san aikin sa-kai ba kyauta ba ne ga mai yin sa. Kuɗin A Daidaita Sahu kullum ƙaruwa yake, kuma ba kowane gida ne zai iya ɗaukar nauyin wanda ke fita aiki ba ya kawo komai ba. Shi ya sa na ce ki fara da inda ya fi kusa. Sannan ban ga abin da zai hana ki karɓi koyarwar da mahaifinki ya ambata ba. Ki koyar, ki ware yammaci biyu ko ranar Asabar don aikin sa-kai. Albashin zai biya miki mota da kuɗin fom, koyarwar kuma ita ma gogewa ce, musamman idan kika nemi a ba ki kula da ɗaliban da ke fashin makaranta ko waɗanda aka kora saboda kuɗi. Kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Shi kuwa Baba, kada ki je masa da gardama. Wa'adin da ya ba ki ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne irin na uba kada shekaru su tafi a banza. Ki je masa da takarda: ga inda zan riƙa zuwa, ga sunan ofishin, ga lokacin fita da dawowa, ga watan da jami'a ke sayar da fom. In da hali ki roƙi wani yayanki ko kawunki ya raka ki ranar farko ya ga wurin da idonsa. Iyaye sukan sassauta idan suka ga tsari, kuma albarkarsu ta fi kowace wasiƙar shaida.

Takardar bogi

Yanzu mu dawo kan mutumin da ya yi miki tayi. Na taɓa zama a wata ganawa da aka yi da masu neman aiki a wata ƙungiya. Wani matashi ya kawo takarda mai kyan gaske, har da hatimi, cewa ya yi shekara biyu yana aiki da yaran da ke kwana a titi. Sai wata dattijuwa a cikinmu ta ce masa, cikin ruwan sanyi, ya ba mu labarin yaro guda da ya fi tsaya masa a rai, ba tare da ambaton suna ba. Ya yi shiru, ya share gumi, ya soma zuba bayanin da ya haddace a littafi. Ba wanda ya ce masa komai, amma kowa ya gane. Bayansa wata yarinya ta shigo da wata huɗu kacal na aikin sa-kai a wani asibiti. Da aka yi mata tambayar, ta ba da labarin wata tsohuwa da ta ƙi shan magani, da yadda ita kanta ta yi kuskuren yi mata faɗa kafin ta gano cewa tsohuwar ba ta da abincin da za ta ci ne kafin ta sha. Ita aka ɗauka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'o'in waje da masu ba da tallafi sukan tuntuɓi wanda ya sa hannu a wasiƙa, kuma idan aka kama mutum da takardar bogi ana iya ƙwace gurbin ko da ya fara karatu, a kuma hana shi biza na shekaru. Ko da ba a kama ki ba, ki tuna irin sana'ar da kike nema. Gobe rahotonki ne zai sa alƙali ya yanke wa zai riƙe yaro, sa hannunki ne zai sa a yafe wa majinyaci kuɗi ko a hana shi. Wanda ya shiga wannan aiki ta ƙofar ƙarya, da wane ido zai dubi waɗanda suka ba shi amanar rayuwarsu?

Ga ƙannenmu da ke jami'a yanzu, maza da mata, kada ku jira sai kun gama. Dogon hutu da lokacin yajin aiki dama ce. Wanda ya fara tun yana aji biyu, kafin ya sa kakin hidimar ƙasa ya riga ya san ko aikin nan nasa ne ko ba nasa ba. Idan kuma an tura ku hidima, ku nemi a kai ku asibiti ko ofishin walwala, ku ɗauki ranar aikin raya al'umma da muhimmanci maimakon zuwa sa hannu kawai. Maza musamman ana buƙatarku, domin matashin da ke fama da ƙwaya ko wanda ya fito daga gidan yari ya fi sakin jiki da ɗan'uwansa namiji.

Ƙanwata ta Ƙofar Dawanau, aikinki na wannan mako guda uku ne: ki rubuta wasiƙun nan, ki sayi littafin, ki zauna da Baba. Bayan wata uku ki sake rubuto min in ji inda aka kwana, domin na tabbata akwai masu karatu da yawa da za su amfana da labarinki. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa ki zama sanadin share hawayen bayinSa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta takardar bayanin kai da jami'o'i ke nema, da kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi a cikinta. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Na bar ku lafiya.